Husufin Rana A Ƙasar Zamfara: Aya Ce, Kuma Da Lissafi Take Tafiya

A wannan mako filin namu zai amsa wata takarda ce da ta zo mana daga wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi, mutumin Galadi ta ƙasar Shinkafi, a Jihar Zamfara. Malamin ya ce tun shekarar 2006, lokacin da rana ta yi husufi a kan garinsu, akwai abin da ke yi masa kai-kawo a zuci. Ya ce kwanaki kafin abin ya auku an yi ta sanarwa a rediyo, an faɗi ranar, an faɗi lokacin, kuma haka ya zo, ba ragi ba ƙari. To, tambayarsa biyu ce. Ta farko, shin wanda ya faɗi abin da zai faru a sama tun bai faru ba, bai yi da'awar sanin gaibu ba, kuma wanda ya gaskata shi bai shiga sahun masu gaskata boka ba? Ta biyu, idan husufi lissafi ne kurum, to mene ne na jin tsoro, mene ne kuma na tsayawa salla?

Malam, mun gode da wannan takarda, domin kuwa ba kai kaɗai abin ke damu ba. Amma kafin mu amsa, bari mu fara tuna wa jama'a abin da ya faru a wannan rana.

ABIN DA YA FARU RANAR LARABA

Ranar Laraba ce, 29 ga watan Maris 2006, daidai da ƙarshen Safar na shekarar Hijira 1427, ana gobe kasuwar Shinkafi. Inuwar wata ta fara sauka a gabashin ƙasar Barazil da fitowar rana, ta ƙetare Tekun Atalantika, ta hau tudu a Gana, ta ratsa Togo da Jamhuriyar Binin, ta shigo Nijeriya ta wajen Shaki jim kaɗan bayan ƙarfe 10 da minti 20 na safe. Cikin minti 16 ta gama da ƙasarmu ta faɗa Nijar ta wajen Maraɗi, daga nan ta bi ta Cadi da Libiya da Masar da Turkiyya, ba ta ɗauke ba sai a Mangoliya da faɗuwar rana.

Faɗin wannan inuwa bai wuce kilomita 190 ba, saboda haka ba kowane gari ne ya shiga cikinta ba. Mutanen Kano da na Sakkwato sun ga rana ta ragu ƙwarai, amma ba ta rufe ɗungum ba. Gusau kuwa, da Kaura Namoda, da Zurmi, da Shinkafi, da Galadi, da Isa, da Katsina, duk suna cikin layin. Wajen ƙarfe goma da rabi gari ya yi duhu kamar an yi magariba, har tauraruwa Zara ta bayyana da hantsi, aka yi fiye da minti uku a haka, sa'an nan haske ya komo. Gudun da inuwar ke yi a bisa ƙasa a lokacin ya kusa kilomita 50 a minti guda, watau nisan da ke tsakanin Gusau da Kaura, wanda direba kan ɗebe kusan awa yana ci, ita cikin kamar minti ɗaya take shafe shi.

YADDA ƘARAMI KE RUFE BABBA

Abin da ke sa husufin rana ba boyayye ba ne. Wata yana kewaya duniya, duniya kuma tana kewaya rana. Shi wata ba shi da hasken kansa, na rana yake ara, kuma duk abin da haske ya doka ta gaba to yana da inuwa ta baya. Idan wata ya gitta daidai tsakaninmu da rana, sai inuwarsa ta faɗo a kanmu, mu ce rana ta yi husufi. Idan kuma duniya ce ta shiga tsakani, inuwarta ta faɗa a kan wata, shi ne husufin wata, wanda yara ke fita da gwangwani suna kaɗawa wai rana ta kama wata. Wannan ne dalilin da ya sa ba a taɓa yin husufin rana sai a ƙarshen watan Musulunci, ba a kuma yin na wata sai a tsakiyarsa, lokacin da ya cika.

Mai karatu zai ce, yaya wata zai rufe rana alhali ta fi shi girma? Malam, miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka runtse ido ɗaya, za ka ga ka rufe hasumiyar masallacin da ke can ƙarshen unguwa. Kusanci ne ya ba yatsa wannan iko. Faɗin wata kilomita 3,474 ne, na rana kuwa ya kai kusan miliyan 1 da dubu 400, watau ta ninka shi kamar sau 400. Amma tsakaninmu da wata kilomita 384,000 ne a tsaka-tsaki, tsakaninmu da rana kuma kilomita miliyan 150, watau ta ninka shi nisa, nan ma kamar sau 400. Da girman da nisan suka zo daidai, sai ido ya gan su kai ɗaya. Don a fahimci wannan nisa, haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya iso mu daga rana, daga wata kuwa daƙiƙa ɗaya da 'yan kai.

Saura tambaya guda. Tun da wata yana wucewa ta wajen rana kowane ƙarshen wata, me ya hana a yi husufi sau 12 a shekara? Dalili shi ne hanyar wata a karkace take da kamar daraja 5 daga hanyar da muke ganin rana na bi, saboda haka galibi yakan wuce ta samanta ko ta ƙasanta, inuwarsa ta kuskure duniya. Hanyoyin nan biyu wuri biyu kaɗai suke gittawa, kamar yadda titin mota ke gitta layin dogo. Mota da jirgi ba sa haɗuwa sai sun iso magittar a lokaci guda. Wannan haɗuwa tana samuwa aƙalla sau biyu a kowace shekara a wani sashe na duniya, sai dai gari guda yakan yi ɗaruruwan shekaru bai ga cikakken husufi ba. Ashe mutanen Galadi sun ga abin da kakannin kakannin mutane da yawa ba su gani ba.

TSAKANIN ILMIN FALAKI DA DUBA

To, mu komo ga tambayar farko. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a shekarar 1929, dattawan garin sun san ma'aikacin tasha wanda kan ce jirgi zai shigo ƙarfe kaza. Ba wanda ya taɓa kiransa boka, domin an san takardar lokaci yake dubawa, ya san nisa, ya san gudu. Haka ma kai ɗan kasuwa, idan ka ce gobe Alhamis kasuwa za ta ci, ba gaibu ka faɗa ba. Bambancin kawai shi ne jirgi yakan makara, kasuwa takan ƙi ci, amma rana da wata ba su taɓa makara ba, kuma Alƙur'ani mai girma, a farkon Suratur Rahman, ya sanar da mu cewa bisa lissafi aka ɗora tafiyarsu.

Ga misalin wannan lissafi. Daga haihuwar wata zuwa wata haihuwar, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a tsaka-tsaki. Tun zamanin mutanen Babila, fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, masu lura da sama sun gane cewa bayan wata 223, watau shekara 18 da kwana 10 ko 11 da awa 8, husufi yakan maimaita kansa. Bari mu gwada da namu. Ka ɗauki 29 ga Maris 2006, ka ƙara wannan adadi, za ka faɗa kan 8 ga Afrilu 2024, ranar da cikakken husufi ya ratsa Meksiko da Amurka da Kanada. Awa takwas ɗin nan ta sama ita ta sa ya matsa yamma, domin a cikinta duniya ta ƙara juyawa sulusin juyi. Ka koma baya kuma, za ka sami 18 ga Maris 1988, lokacin da aka gan shi a Indunusiya da Filifin. Duk wanda ya iya haɗa kuɗin buhuna zai iya bin wannan lissafi da fensir.

Shi kuwa ɗan duba, abin da yake faɗa daban ne. Cewa yake yi tun da tauraro kaza ya tsaya a wuri kaza, to wane zai mutu, hajar wane za ta yi kwantai, auren wance zai mutu. Ina alaƙar tauraro da buhun gero? Wannan shi ne abin da Shari'a ta hana, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi da kansa ya rushe shi a ranar da ya fi kowa baƙin ciki. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, a shekara ta 10 bayan Hijira, rana ta yi husufi a Madina, mutane suka ce saboda rasuwar ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya gyara musu wannan fahimta, ya nuna musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba ruwan husufinsu da mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarce su da salla da addu'a da sadaka idan sun gani. Masanin falaki na Masar, Mahmud Basha, ya bi lissafi baya a ƙarni na 19, ya gano ranar ta yi daidai da 27 ga Janairu 632.

Malaman ƙasarmu ma sun san wannan bambanci. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta littafi mai suna Tanbihu Ahlil Fuhum yana gargaɗi a kan masu rufa-ido da masu duba da taurari. Amma shi ɗin ne dai, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya zo Sakkwato a 1824 da kayan awon sama, ya iske ya san burujai duka, ya kuma san taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Da baƙon ya komo a 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, Bello ya gaya masa dā ma suna da irinsa a gida, gobara ce ta cinye. Kafin su kuwa, Ibnu Yunus na Alƙahira, wanda ya rasu a 1009, ya rubuta lokutan husufin da ya auna da kyau, har masana na wannan zamani suka yi amfani da su wajen gano cewa juyawar duniya tana raguwa a hankali.

Game da tambaya ta biyu, sanin lokacin abu ba ya rage masa girma. Kowa ya san lokacin faɗuwar rana, amma wannan bai kayar da sallar magariba ba. Manomin Zurmi ya san watan da damina ke faɗuwa, amma bai hana shi razana da tsawa ba. A ganinmu, wanda ya san cewa abu mai faɗin kilomita 3,474 ne ya gitta gaban wuta mai nisan kilomita miliyan 150, a cikin daƙiƙar da aka ƙaddara masa, ya fi cancanta jikinsa ya yi sanyi a kan wanda ke zaton kokawa ake yi a sama.

Rashin sani kuwa, in ji Hausawa, ya fi dare duhu. A daren 9 ga Janairu 2001 an yi husufin wata, sai wasu samari a Maiduguri suka ce zunubin mutanen gari ne ya jawo, suka shiga ƙone-ƙone. Alhali a wannan dare mutanen Makka da Madina da Landan duk abu ɗaya suka gani a lokaci ɗaya, kuma an rubuta ranar a littattafan lissafi tun ba a haifi samarin ba.

ABIN DA YA SHAFI DUBAN WATA

Akwai wani amfani na wannan ilmi da ya shafi kowane Musulmi. Husufin rana shi ne haihuwar wata a fili, kowa na kallo, domin a wannan lokaci ne wata ke cim ma rana ya wuce ta. Kafin wannan lokaci babu jinjirin wata, bayansa kuma da wuya ido ya gan shi in bai kai awa 15 ba, galibi ma sai ya haura haka.

Husufin 8 ga Afrilu 2024 da muka ambata ya zo ne ranar Litinin 29 ga Ramadan 1445 a lissafin Nijeriya, ranar duban watan Salla. A Shinkafi rana ta faɗi wajen ƙarfe bakwai saura kwata, wata kuwa bai cim ma rana ba sai wajen ƙarfe 7 da minti 20 agogonmu, lokacin da miliyoyin mutane a Amurka ke kallonsa a kan fuskarta. Ke nan a magaribar wannan rana ba a ma haife shi ba, balle a gan shi. Haka kuwa aka yi, Fadar Sarkin Musulmi ta ba da sanarwar ba a ga wata ba, aka cika azumi 30, aka yi Salla ranar Laraba 10 ga wata.

Kada a fahimce mu baibai. Ba cewa muke yi a bar duban wata a koma ga alƙalami ba. Babban malamin Malikiyya, Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a Masar a 1285, ya yi bayani a littafinsa Al-Furuƙ cewa lissafin wata da na husufi tabbatacce ne, amma Shari'a ta rataya azumi ne a kan gani. Sanarwa kuma hakkin Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa. Abin da lissafi ke yi shi ne ya nuna wa mai duba inda zai duba, ya kuma taimaki alƙali wajen auna shaidar wanda ya ce ya gani.

ABIN DA AKA GANO A CIKIN DUHUN

'Yan mintocin nan na duhu sun koya wa ɗan Adam abubuwa masu yawa. A husufin 1868 da aka gani a Indiya ne aka fara ganin alamar iskar hiliyam a cikin hasken rana, tun ba a same ta a doron ƙasa ba. A na 29 ga Mayu 1919 kuwa, masanin Ingila Arthur Eddington ya zo tsibirin Firinsife, nan kudu da gaɓar tekun Nijeriya, ya ɗauki hoton taurarin da ke kusa da rana, aka ga sun ɗan goce daga mazauninsu. Wannan ya gaskata maganar Albert Einstein cewa abu mai tsananin nauyi yana lanƙwasa hanyar haske.

Wanda ya kalli sama a Galadi a 2006 ya ga wani farin haske ya kewaye baƙin faifan wata kamar rawani. Wannan rawanin rana yana da abin mamaki, domin zafin fuskar rana kamar digiri 5,500 ne, amma na rawanin, wanda ya fi nisa da tushen wutar, ya haura digiri miliyan ɗaya. Don binciken wannan ne Amurka ta harba kumbo mai suna Parker a watan Agusta 2018. Ya kutsa cikin rawanin a 2021, kuma ranar 24 ga Disamba 2024 ya matsa har saura kilomita miliyan 6 da 'yan kai tsakaninsa da rana, yana gudun kusan kilomita 690,000 a awa guda. A cikin wannan wata na Disamba kuma ƙasashen Turai suka harba taurarin ɗan Adam biyu masu suna Proba-3, ɗaya yana tare wa ɗaya rana, don su riƙa yin husufin kansu a sararin samaniya.

Shi ma wata an auna shi. 'Yan sama jannatin da suka sauka a kansa a 1969 sun bar madubi a can, ana harba masa haske daga ƙasa ana ƙirga lokacin dawowarsa. Da haka aka gane cewa wata yana ja da baya daga gare mu da kusan santimita 4 a kowace shekara, kamar dai tsiron farce. Bayan ɗaruruwan miliyoyin shekaru, in duniya ta kai, ba zai ƙara iya rufe rana ɗungum ba.

SHIRIN NA GABA

Masana sun riga sun ba da ranakun. Ranar Litinin 2 ga Agusta 2027 cikakken husufi zai bi ta arewacin Afirka ya ratsa Jidda da Makka, inda duhun zai yi kamar minti 5 zuwa 6, mu kuma a Zamfara za mu ga an gutsure wani sashe na rana da hantsi. Ranar Litinin 20 ga Maris 2034 kuma inuwar za ta sake shigowa Nijeriya, amma ta wajen Ikko.

Shawararmu ga limamai ita ce su karantar da sallar husufi tun da wuri. A mazhabar Malikiyya, ta rana sunna ce, ana yin ta cikin jam'i ba kiran salla ba iƙama, raka'a biyu, kowace da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, karatu mai tsawo a asirce, lokacinta daga hantsi zuwa zawali. Ta wata kuwa kowa a gidansa, raka'a bibbiyu kamar sauran nafiloli.

Ga iyaye da malaman makaranta kuma, a kiyaye idanun yara. Kallon rana ƙuri, ko da saura ɗan ƙiris ta rufe, yana ƙona can cikin ido ba tare da an ji zafi ba, kuma wani lahanin ba ya warkewa. Baƙin tabarau ba ya tsarewa, haka kwalbar da aka turara da hayaƙi, haka leƙa ruwa a ƙwarya. In babu tabarau na musamman da aka yi don wannan, to a juya wa rana baya, a ɗaga rariya ko faifai mai huji, a dubi hasken da ya zubo a ƙasa, za a ga surar husufin a kowane huji. Ko a ƙarƙashin itacen dogon yaro aka tsaya za a ga haka. Wannan dabara Ibnul Haisam ya yi bayaninta kusan shekara dubu da suka wuce. Husufin wata kam ba laifi a kalle shi da ido.

Daga ƙarshe, malam mai tambaya, ka kwantar da hankalinka. Gaskata mai lissafin husufi ba gaskata boka ba ne, kuma lissafin bai ɗauke maka salla ba. Abin da ya rage shi ne mu sa 'ya'yanmu su koyi wannan ilmi, don wata rana yaron Galadi ko na Zurmi ya zama shi ne mai faɗa wa jama'a ranar da lokacin. Ka rubuta 2 ga Agusta 2027 a littafin cinikinka, ka jira ka gani. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

Allah Ya ƙara mana ilmi mai amfani, Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Haza wassalam.